Jawabin Bikin Yaye Matasa 'Yan Jaridar Kimiyya na Tambuwal da Kebbe



Aikin jaridar kimiyya shi ne bin diddigin abin da masu bincike suka gano game da lafiyar mutum da ta dabba, da ƙasa da ruwa da iska, da sababbin na'urori, a tantance shi, sannan a isar da shi ga jama'a da harshen da suke ciniki da shi a kasuwa. Mai kawo labarin yau da kullum yana iya tsayawa a kan abin da ya faru. Shi kuwa ɗan jaridar kimiyya sai ya ƙara da dalilin faruwarsa, da yadda aka gane dalilin, da abin da mai sauraro zai iya yi kafin abin ya iso gidansa.

Wannan aiki yana da asali a ƙasar Sakkwato. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi rubuce-rubuce kan magunguna, har da na ciwon ido da na basur. Nana Asma'u ta tsara jajjai da 'yan taru, mata masu ɗaukar ilimi daga wurin malama su kai shi ƙauyuka. A shekarar 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, a 1957 kuma BBC ta buɗe sashen Hausa, daga baya gidan rediyon Rima ya shiga gidaje da gonaki. Yau wayar hannu ta shiga sahu, amma buƙatar tana nan yadda take: a sami amintacce tsakanin masani da mai noma.

A ƙasar noma da kiwo irin Tambuwal da Kebbe, darajar labarin kimiyya tana tafiya da lokacinsa. Bayanin da ya zo bayan lokacinsa ya wuce ihu ne bayan hari. Saboda haka shekarar ɗan jaridar kimiyya takan bi shekarar manomi, daga bazara zuwa damina, daga kaka zuwa rani.

Bazara lokacin sanƙarau ce. Zafi da ƙura suna busar da hanci da maƙogwaro, cunkoso a ɗaki marar taga kuma yana sauƙaƙa wa ƙwayar cutar tsallakawa daga mutum zuwa mutum. A 1996 annobar ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 11,000. Daga 2011 aka fara allurar rigakafin nau'in A, cutar ta lafa. Sai a ƙarshen 2016 nau'in C ya ɓarke a Zamfara, ya bazu zuwa Sakkwato da Kabi da Katsina da Neja, kafin ya lafa a 2017 an samu fiye da mutum 14,000 da ake zaton sun kamu, fiye da 1,100 kuma sun rasu. A irin wannan hali ne jita-jita kan ce allura ba ta aiki. Gaskiyar lamarin ita ce ƙwayar cutar iri-iri ce, kuma allurar da aka yi domin wani nau'i ba ta tsare wani. A 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allura mai tsare nau'i biyar. Wannan bayani, tare da alamomin cutar, wato zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da sanƙarewar wuya, da kumburin maɗiga ga jariri, ya kamata ya shiga kunnen jama'a tun watan Janairu.

Kafin ruwa ya sauka, hukumar NiMet takan fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara: lokacin da ake sa ran ruwa zai zauna, da tsawon daminar, da wuraren da ake tsoron ruwa zai ɗauke bayan shuka. Hasashe kirdado ne da aka gina a kan awo, kuma wajibi ne a faɗe shi a matsayin kirdado. Idan aka ce ruwa zai yi jinkiri, abin da manomin Dogon Daji ko Jabo ko Kuci yake son sani shi ne ko ya yi binne ko ya dakata, kuma ko ya nemi iri mai saurin nuna. Amsar tana wurin malamin gona, aikin ɗan jarida ne ya je ya karɓo ta. Ambaliyar 2010, wadda ta cinye gonaki da ƙauyuka a kwarin Rima har ta yanke hanyar zuwa Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ta nuna cewa labarin yawan ruwan da ke cikin madatsa abu ne da mazauna fadama suke da haƙƙin ji da wuri.

Damina kuma ita ce lokacin zazzaɓin cizon sauro da amai da gudawa. Maganin rigakafin zazzaɓi da ake bi gida gida ana ba yara 'yan ƙasa da shekara biyar wata wata, amfaninsa yana ga kammala kwana ukun kowane zagaye, alhali ma'aikaci rana ta farko kawai yake gani, sauran biyun suna hannun uwa. A watan Disambar 2024 aka fara allurar rigakafin zazzaɓin a jihohin Kabi da Bayelsa. Allurar tana rage haɗari ne, ba ta kore buƙatar gidan sauro ba, kuma rahoton da ya manta da wannan jimla ya cutar da mai sauraronsa.

Da kaka hankali yakan koma ga jan-baki, tsuntsun da ke sauka garke guda a kan gero da dawa da shinkafa. Feshin da ake yi masa ta jirgin sama yana buƙatar a san inda yake kwana, wannan kuwa manoma da makiyaya ne suka fi kowa sani. Rahoto mai kyau yakan tambayi abin da feshin yake yi wa sauran tsuntsaye da ruwan sha. Bayan girbi sai maganar ajiya. Zuba maganin ƙwari kai tsaye a cikin wake ya jawo Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya a 2015, kuma wannan waken ne dai ake dafawa a gida. Akwai buhu mai ninki uku wanda yake toshe iska har ƙwaro ya mutu ba tare da guba ba. Akwai kuma irin wake mai jure wa tsutsar da ke huda kwanso, wanda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ta fitar a 2019. An yi muhawara a kansa domin an sauya masa ƙwayar halitta, haƙƙin jama'a ne su ji hujjar kowane ɓangare da abin da gwaji ya nuna.

Rani lokacin itace da gawayi ne, kuma lokacin da ake ganin abin da ya rage na daji. Sakkwato tana cikin jihohi 11 da shirin Babbar Ganuwar Itatuwa ya shafa. Yawan dashen da aka yi ranar biki ba shi ne labari ba, sai an koma bayan rani biyu an ƙirga waɗanda suka rayu. A yankin Maraɗi, tun daga shekarun 1980, manoma suka koma barin tohon da ke fitowa daga kututturen gawo da sauran itatuwa, su rage rassan su bar masu ƙarfi. Ta wannan hanya aka farfaɗo da itatuwa a kan kimanin hekta miliyan 5 a Jamhuriyar Nijar, ba tare da ban ruwa ba. Gawo yana zubar da ganye da damina, don haka ba ya yi wa shuka inuwa, ga taki ga abincin dabbobi.

Namun daji ma suna da alaƙa da lafiyar gari. Ungulu, wadda a da ba a rasa ta a bakin kowace mahauta, ta yi ƙaranci ƙwarai, har a 2015 aka sa ta cikin jerin halittun da ke dab da ƙarewa. A Indiya wani maganin ciwon jiki da ake yi wa shanu ya kashe mafi yawan ungulayen ƙasar a shekarun 1990, mushe ya taru, karnuka suka yawaita, cizon mahaukacin kare ya ƙaru. Wanda ya kawo labarin ɓacewar ungulu, labarin lafiyar yara ya kawo.

Babban darasi kan muhimmancin gano dalili ya zo ne daga maƙwabciya Zamfara. A 2010 yara suka riƙa mutuwa da jijjiga a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta lura, gwajin jini kuma ya nuna gubar dalma ce daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje. Yara fiye da 400 suka rasu. Da aka san dalili sai aka san magani: a fitar da niƙa daga gari, a kwashe gurɓatacciyar ƙasa, a yi wa yara maganin da ke fitar da gubar daga jini. Inda duk aka ga cuta tana kama yaran unguwa ɗaya, tambayar farko ita ce mene ne suka yi tarayya a kansa, ruwa ne ko abinci ko ƙura.

Sabuwar fasaha tana da fuska biyu ga wannan aiki. Injin ban ruwa mai aiki da hasken rana ya fara maye gurbin mai shan fetur a fadamun albasa da shinkafa, kuma manomi yana buƙatar lissafin gaskiya: kuɗin saye, da shekarun da zai yi, da zurfin rijiyar da zai iya ja. A ɗaya gefen, wayar da ke kawo farashin kasuwa ita ce ke kawo ƙarya. A watan Agustan 2014, lokacin cutar Ebola, saƙo ya zagaye ƙasar nan cikin dare ɗaya cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha, har wasu suka rasa rayukansu. Yanzu ƙirƙirarriyar basira tana iya kwaikwayon muryar malami ko likita ta tallata maganin da bai taɓa gani ba. Don haka kowane saƙon murya na WhatsApp sai an kai shi ga wanda aka jingina wa kafin a yaɗa.

Ƙa'idojin aikin kaɗan ne, amma ba a sassauta su. Kowane adadi a faɗi wanda ya ƙirga shi da lokacin da aka ƙirga. A bambanta wanda ake zaton ya kamu da wanda gwaji ya tabbatar. Mutum 10 cikin 100 daban yake da mutum 10 cikin 100,000. Lambar rajistar NAFDAC a kan kwalba abar dubawa ce. Majinyaci yana da sirri, ba a ɗaukar hotonsa ko na ɗansa sai da yardarsa. Inda hanya ba ta da tsaro, kamar yadda ake fama a wasu dazuzzukan yankin, babu labarin da ya kai ran mai ɗauko shi. Masana kuwa suna kusa: Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da asibitin koyarwarta da tsangayarta ta likitancin dabbobi da cibiyarta ta binciken makamashi, ga jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero, ga rahotannin mako mako na hukumar NCDC mai yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa. Ilimin ungozoma da masunci da makiyayi shi ma abin rubutawa ne, a kai shi ga masu gwaji a ji abin da ya inganta.

Matasan da ake yayewa sun sami horo a kan waɗannan ƙa'idoji. Nasararsu tana buƙatar hakimai su buɗe musu ƙofa, ma'aikatan lafiya da na gona su amsa tambayoyinsu a kan lokaci, gidajen rediyo kuma su ware musu fili. Allah ya yi wa iliminsu albarka, ya amfanar da jama'ar Tambuwal da Kebbe da shi.