Daga Ina Kalmar Lokaci Ta Fito? Jawabi Ga Dattawa Da Masu Bi



Kwanakin nan mukan ji masu wa'azi suna cewa Helenanci yana da kalmomi biyu na lokaci: khronos wai lokacin mutum ne, kairos kuwa lokacin Allah. Daga nan sai a ce wa mai bi ya kawo baiko na musamman domin kairos nasa ya zo. Bari mu bincika mu gani.

Mutanen dā sun ɗauka khronos da sunan gunkinsu Kronos abu ɗaya ne. A tatsuniyarsu Kronos yakan haɗiye 'ya'yansa. Sisero, marubucin Roma, wajen shekara 45 kafin haihuwar Almasihu, ya bayyana cewa ma'anar labarin ita ce lokaci yana cinye shekaru. Bayanin yana da daɗin ji, amma masanan harshe na yanzu sun ƙi shi. Harafin farko na kalmomin biyu ma daban ne, kuma har yau ba su daidaita a kan asalin khronos ba.

Kairos fa? A waƙoƙin Homa akwai kalma 'yar'uwarta mai nufin makasa, wato wurin da kibiya za ta sami mutum ya mutu. A 1951 wani masani Bature, Onians, ya danganta ta da saƙa: kafar da takan buɗe tsakanin zare, masaƙi ya jefa ƙoshiya kafin ta rufe. Wannan ma hasashe ne. Helenawan yau kuwa da kairos suke kiran yanayin gari, na ruwa ko rana.

Mu Hausawa mun san irin wannan. Lokaci, zamani da sa'a duk daga Larabci muka aro su. Amma in an ce wane ya yi sa'a, ba maganar agogo ake yi ba. Ma'anar kalma tana wurin da aka yi amfani da ita.

Abin da James Barr ya nuna ke nan a 1962, cewa Sabon Alkawari bai gina katanga tsakanin kalmomin nan ba. Markus 1:15, inda Yesu ya sanar da kusatowar Mulkin Allah, kairos ne. Amma Galatiyawa 4:4, inda Allah ya aiko Ɗansa da lokaci ya cika, khronos ne. A Ayyukan Manzanni 1:7 kuwa an ambaci dukansu biyu, aka ce suna ƙarƙashin ikon Uba.

Saboda haka, 'yan'uwa, babu lokacin da ba na Allah ba, babu kuma mai sayar mana da shi. Shekarun da ƙananan ikkilisiyoyinmu suka yi suna jiran fili ko mai bishara ba a banza suka wuce ba. Manomin Gwiwa yakan yi sharar gona, ya kai taki, ya tanadi irin gero tun da bazara, domin ranar da ruwan shuka ya sauka babu sauran shiri. Mu ma mu koyar da yaranmu, mu riƙe sujada, mu zauna lafiya da maƙwabtanmu. Dattawa kuma su gwada kowace koyarwa da Littafi Mai Tsarki kafin su ba ta bagade.

Ubangiji ya ba mu hikima. Amin.