Batir Marar Ruwa: Jawabi a Taron Tsofaffin Ɗalibai



An nemi in ɗan ce wani abu a kan batir. Mu mutanen Anka da Gummi da Bukkuyum ba sai an gaya mana illar dalma ba. A 2010 gubarta ta hallaka yara sama da 400 a ƙauyuka irin su Dareta da Bagega da 'Yargalma. Waccan daga dutsen zinariya ta fito, amma irinta ce cike da batirin mota da yawancin na sola.

Batirin lithiyam, wanda kamfanin Sony ya fara sayarwa a 1991, ba shi da dalma, amma yana da nasa aibin. Tsakanin ɓangarorinsa biyu akwai ruwan da lithiyam ke ratsawa, ruwan kuwa yana cin wuta. Gobarar batir ce ta sa Samsung ya janye wayar Galaxy Note 7 a 2016.

Shi ya sa masana ke son maye gurbin ruwan da roba. A 1973 Peter Wright da abokan aikinsa a Jami'ar Sheffield ta Ingila suka gano cewa wata roba, PEO, tana narkar da gishiri tamkar ruwa. A 1978 Michel Armand na Faransa ya ba da shawarar a sa ta a batir.

To, ga inda gizo ke saƙa. In robar ta yi laushi, lithiyam na wucewa da sauri, amma yakan tsiro kamar ƙaya ya huda ta, batir ya lalace. In ta yi tauri, ƙayar ba ta samun hanya, sai dai lithiyam ya koma tafiyar hawainiya, robar kuma ta tsage, domin batir na kumbura yana sacewa a kowane caji. Abin nema shi ne mai ƙwari, mai talewa kamar danƙo. Wasu na ɗaure zarurrukan robar da juna kamar raga, wasu na cuɗa ta da garin tangaran, yadda magini ke cuɗa ƙasa da ramno don kada gini ya tsage.

Kafin irin wannan batir ya iso kasuwanninmu, roƙona ɗaya ne: kada a fasa tsohon batir a tsakar gida, kada a narka dalmarsa inda yara ke wasa. Kowannenmu ya isar da wannan saƙo a unguwarsu.