AMSOSHIN WASIƘUNKU: Sarkin Indiya da Kuɗin Tagulla

Wani mai sauraronmu, ɗan kasuwar Talata Mafara, ya aiko yana tambaya: wai da gaske ne Musulmi sun taɓa mulkin Indiya?

To Malam, gaskiya ne. A shekarar 1206 Kutubuddin Aibak, wanda asalinsa bawa ne, ya kafa daular Delhi. Daga cikin sarakunanta akwai Muhammadu ɗan Tugluk, wanda ya yi sarauta daga 1325 zuwa 1351. Ibn Battuta ya yi masa alƙalanci, kuma shi wannan matafiyi ya zo Takadda ta ƙasar Nijar a 1353, har ya ambaci Gobir cikin littafinsa.

Wannan sarki malami ne, amma akwai gaggawa. Ya buga kuɗin tagulla, ya ce a karɓe su a matsayin azurfa. Nan da nan mutane suka shiga buga na jabu a gidajensu, fatake suka ƙi karɓa, ciniki ya tsaya. Ya kuma ƙara wa manoma haraji, suka watsar da gonaki, ga fari, yunwa ta shigo. Daula ta yi rauni, har Taimur ya zo ya wawashe Delhi a 1398.

Don haka manomanmu na Bakura da Maradun, ku lura: kuɗi amana ne, kuma in manomi ya bar gona, fada ma sai ta ji yunwa.

Allah Ya ba mu shugabanni adalai. A ci gaba da aiko da wasiƙu.