Mai Ɗaga Wayar Gaggawa: Ma'aikacin Ceton da Ba a Gani



Idan aka yi gobara ko haɗarin mota, waɗanda ido ke gani su ne 'yan kwana-kwana da 'yan sanda da masu motar asibiti. Su ake ɗauka hoto, su ake yi wa sannu da aiki. Wanda zan yi magana a kansa yau ba ya zuwa wurin. Yana zaune a ɗaki, abin saurare a kunne, gabansa kwamfuta da taswira da oba-oba. Shi ke amsawa idan ka buga lambar gaggawa, kuma a ganina daga bakinsa ceto ke farawa, tun direba bai murza makulli ba.

Lambar gaggawar kanta ba ta kai shekara ɗari ba. A watan Nuwamba na 1935 gobara ta cinye mata biyar a wani gida a titin Wimpole na birnin Landan. Wani maƙwabci ya nemi kiran 'yan kwana-kwana, kiransa ya maƙale a layin jira a ofishin tarho. Ya fusata, ya rubuta wa jaridar The Times, aka yi bincike, ranar 30 ga Yuni 1937 aka buɗe 999. Amurka ta biyo baya da 911 a 1968, Turai ta tsayar da 112 a 1991. Wannan 112 ita ce hukumar sadarwa ta NCC ta kafa wa cibiyoyi a jihohin Najeriya, kyauta ce, ko ba kati tana shiga. A Nijar 17 ta 'yan sanda ce, 18 ta 'yan kwana-kwana.

Tambayar farko da ake koya wa ma'aikacin nan ita ce "ina ne?", kafin ma "me ya faru?". Dalilin a fili yake. Waya na iya katsewa, caji na iya ƙarewa. Idan ya san wuri bai san matsala ba, zai iya tura wani. Idan ya san matsala bai san wuri ba, ya tashi a tutar babu. To a nan ne namu aikin ya fi na Landan wuya, domin mu da kwatance muke rayuwa. "Ka san masallacin Juma'a? To ka wuce shi, ka sha kwana ta wajen mai shayi, lungu na biyu, gida mai jar ƙofa." Mai shayin nan ya tashi tun sha ɗayan dare. Lungun kuwa motar kashe gobara ba ta shiga, an ci rabinsa da shago. Ƙwararren ma'aikaci ba ya tsayawa a kwatancen. Zai ce: wace unguwa, wane babban titi, ta ina babbar mota za ta shigo? Sannan ya ce a tura yaro bakin titi da tocila ya tare su. Wannan yaron kaɗai na iya rage wa masu ceto mintuna masu yawa na yawo.

Akwai kuma gaisuwa. Mu ba mu saba faɗa wa baƙo buƙatarmu ba sai mun tambayi gajiya da iyali, mai kira kuma sau da yawa salati yake yi yana kuka. Dole ma'aikaci ya katse shi ba tare da ya wulaƙanta shi ba: "Baba, ina jin ka. Faɗa mini unguwar." Ya sake maimaitawa, da kalmomin nan dai, da murya ɗaya, har hankalin mutum ya dawo. Kada ku ɗauke shi rashin ladabi.

Inda aikin ya fi nauyi shi ne tsayawar zuciya. Duk mintin da ya wuce ba a danna ƙirjin wanda ya faɗi ba, damar rayuwarsa na raguwa da kashi 7 zuwa 10 cikin ɗari. Wace mota ce za ta keta cunkoson Kano ko Yamai cikin minti biyar? Hannun da ke kusa shi ne na matarsa ko ɗansa, ma'aikacin waya ne zai mai da shi hannun ceto: a kwantar da shi rigingine a ƙasa, a ɗora tafin hannu a tsakiyar ƙirji, a danna da ƙarfi sau 100 zuwa 120 a minti, yana ƙirga musu ta waya. Wani likita a birnin Salt Lake na Amurka, Jeff Clawson, shi ya tsara jerin tambayoyi da umarni irin waɗannan a ƙarshen shekarun 1970, don kada ran mutum ya dogara da wanda aka ci sa'a yana bakin aiki.

Ku lura da wani abu a nan. Wanda zuciyarsa ta tsaya yakan yi wani kakari jefi-jefi. Wasu sai su ce ai yana numfashi, su jira. Wasu su ce gargara ce, su koma laƙƙana masa kalmar shahada. Shi ya sa ake tambaya: numfashin nasa irin wanda aka saba ne? Kalmar shahada kuwa ba ta hana danna ƙirji. Wani ya laƙƙana, wani ya danna.

Idan aka bar ɗakin amsa kiran gaggawa ba horo, abin da ke biyo baya ba daɗi. A gobarar benen Grenfell a Landan, ranar 14 ga Yuni 2017, mutum 72 suka rasu. Masu amsa kira sun yi ta ce wa mazauna su zauna a ɗakunansu, kamar yadda ƙa'ida ta tanada, har kusan awa biyu kafin a sauya umarnin. Kwamitin bincike ya gano kira ya yi wa ɗakin amsa kiran yawa, kuma ba a horar da ma'aikatan kan irin wannan dare ba. Ina roƙon ku tuna su ma mutane ne. Sun yi magana da waɗanda ba su fito ba.

Wannan shi ne ɓangaren da ba a cika faɗa ba. Ɗan kwana-kwana yana ganin ƙarshen lamari, ko mai daɗi ko akasinsa. Mai waya da zarar mota ta iso sai a kashe, wani kiran ya shigo, bai san ko wanda aka kira dominsa ya rayu ba. Binciken da aka yi a Jami'ar Arewacin Ilinoi a 2012 ya nuna jin bala'i da kunne kaɗai na iya jawo irin firgicin da ke bin wanda ya gani da ido. Duk da haka an daɗe a Amurka ana lissafa su cikin ma'aikatan ofis, abin da 'yar majalisa Norma Torres, wadda ita ma ta yi wannan aiki a Los Anjalis, ta kai ƙudurin gyarawa.

Ga masu iko da ke zauren nan, buƙatuna ba su da tsada. A ɗauki masu jin Hausa da Fulfulde da Barbarci da sauran harsunan yankin da suke aiki, a haɗa su da oba-oba mai aiki, kuma shugaban ɗaki ya riƙa sanar da su yadda manyan kiraye-kiraye suka ƙare. Masu unguwanni su sa wa lunguna suna, a rubuta a bango da fenti. Iyaye kuma ku ja kunnen yara masu buga 112 don wasa ko gwada sabuwar waya, domin layin da suka tare wata mai naƙuda ce ke jiransa.