Walkabout: Wa Ya Ceci Wa?

Har yau ba a daina gardama a kan fim ɗin Walkabout ba, wanda Nicolas Roeg ya shirya a 1971. Labarin wata 'yar makaranta ne da ƙanenta, da suka ɓace a dajin Ostireliya bayan mahaifinsu ya kashe kansa. Ƙishirwa ta kusa gamawa da su, sai ga wani saurayi ɗan asalin ƙasar ya soka kara cikin rairayi, ya nuna musu yadda ake zuƙo ruwa. David Gulpilil, ɗan ƙabilar Yolngu, wanda ya rasu a 2021, shi ne ya fito a matsayin saurayin.

Wasu 'yan kallo na cewa fim ɗin ya tona asirin rayuwar birni: ga boko, ga rediyo a hannu, amma neman ruwan sha ya gagara. Wasu kuwa abin ya tsaya musu a wuya, kuma ni ma ina bayansu. Saurayin nan ya yi ta magana da harshensa, ba a fassara mana ko kalma ɗaya ba. Ƙaramin yaron ne kaɗai ya yi ƙoƙarin fahimtarsa. Ranar da saurayin ya yi wa yarinyar rawar neman aure, tsoro ta ji, ta ɓuya a ɗaki. Gari na wayewa suka tarar da gawarsa a jikin bishiya.