Tunjere: yaushe ya kamata a yi awon jini?

Iyayena dattawa, ku gafarce ni, yau ɗanku zai faɗi magana mai nauyi gabanku. Ni mushen lakkwal ne, ba lokotoro ba, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Kowace shekara samarinmu suna tahiya bida, wasu Abijan, wasu Legas, wasu Libiya. Suna komowa da tufafi da kuɗɗi, wani kuma ya komo da tunjere bai sani ba.

Ga yadda ciwon yake. Ƙwayar cuta ce da ake ɗauka wajen kwanciya. Bayan kamar sati 3, wani lokaci har kwana 90, ɗan gyambo yake hitowa ga al'aura ko ga baki. Ba shi zahi, kuma ya warke da kansa cikin sati 3 zuwa 6. Nan mutum yake ruɗuwa, ya ce ya samu lahiya. Daga baya ƙuraje su hito har tahin hannu da na ƙafa, su ma su ɓace. Ciwon ya kwanta cikin jini shekaru, kana ya taɓa zuciya, ido ko ƙwaƙwalwa. Ga mai ciki kuwa, yana kawo ɓari, ko haihuwar ɗa ba rai, ko jinjiri mai cuta.

Awon jini shi ke tona shi. To, wa zai tahi likita?

Na ɗaya, wanda ya ga gyambo ko ƙurajen nan, ko sun warke.

Na biyu, ɗan bida da ya san ya kusanci wata can, tun bai shiga ɗakin matarshi ba. In abin bai daɗe ba, awon farko yana iya hita lahiya lau, don haka a sake bayan wata 3.

Na uku, kowace mai ciki, tun zuwanta na farko awon ciki.

Na huɗu, ango da amarya kahin ɗaurin aure.

Akwai magani: allurar fenisilin, wadda aka fara warkar da tunjere da ita a 1943. Sabon ciwo allura guda, tsoho allura uku, sati-sati. A yi wa miji da matanshi duka, a dakata da kwanciya kwana 7 bayan allura, in ba haka ba ciwon ya komo.

Iyayena, ku ke da faɗa a ji. In ɗanku ya sauka daga mota, ku ce mashi ya bi ta likita. Allah shi ba mu lahiya.