Dogon Hutu da Binciken Lissafi: Lacca ga Ɗalibai a Jambutu

 

Tun 1987 hukumar kimiyya ta Amurka take ɗaukar nauyin wani shiri na dogon hutu. Ana tara ɗaliban digirin farko kamar goma, a haɗa su da malami, a ɗora musu matsalar da ba wanda ya warware tukuna. Su yi mako takwas zuwa goma suna fama da ita, ana biyansu alawus. Sai dai kuɗin na 'yan ƙasar ne da masu takardar zaman dindindin, don haka kada ɗan Jambutu ya ƙarar da datarsa wajen cike fom ɗin. Tsarin za mu ɗauka, domin alli da allo da malami mai haƙuri sun isa a fara.

Matsalolin kuwa a ƙofar gida suke. Ku je tashar Jambutu da littafi da agogo: minti nawa mota ke yi kafin ta cika da safe, nawa da la'asar, mota nawa ya kamata ta hau layi? Wannan reshe ne na lissafi mai zaman kansa, lissafin jerin gwano. Ga kuma kogin Binuwai. Kowa a nan ya tuna ambaliyar 2012 da ta 2022, da fargabar da ke shiga gari duk lokacin da aka ce an saki ruwan madatsar Lagdo. Ɗalibi uku daga Jami'ar Modibbo Adama, in suka samu alƙaluman tashin kogin na shekaru, za su iya gwada hasashen kwana nawa ruwan ke yi kafin ya iso mu. Manomin shinkafa a Geriyo yana buƙatar wannan amsa fiye da kowa. Abin da ke ci min rai shi ne, ga irin wannan aiki yana jira, amma a tura ɗalibin lissafi horon wata shida a ofis, ya ƙare da jigilar fayil.

Wanda ya yi irin wannan aiki yana da abin nunawa idan ya nemi gurbin digiri na biyu a cibiyar lissafi ta AIMS, wadda aka kafa a Afirka ta Kudu a 2003, take kuma da reshe a Limbe ta Kamaru. Malamin da ya zauna da kai mako takwas shi ne zai rubuta maka shaida mai nauyi. Kada kuma ku manta da Cibiyar Lissafi ta Ƙasa da ke Sheda, kusa da Abuja.

Kuma lissafi ba baƙon fage ba ne gare mu. Farfesa Iya Abubakar ɗan Belel ne a nan jiharmu, masanin lissafi da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1975 zuwa 1978.

Malamai, ina roƙonku kowa ya ɗauki ɗalibi uku a hutun bana. Attajiranmu, ku ɗauki kuɗin mota da na abinci. Ku kuma ƙannena, ku ƙwanƙwasa ƙofar malaminku tun kafin a gama jarrabawa.